Kwana huɗu a Sawira da mahaifina, tsohon direban tirela

Mahaifina ya yi shekara 31 yana jan tirela tsakanin Kano da Legas, wani zubin har Fatakwal. Ya ajiye makulli da ciwon baya, da kuma wata ɗabi'a da ta ƙi rabuwa da shi: in dai wani ne ke tuƙi, ƙafarsa ta dama ba ta daina laluben birki. Da ya zo duba ni a Marakesh ta ƙasar Maroko, inda nake ƙaro karatun haɗa magunguna, kwana uku kacal suka ishe shi. Babura na ratsa lungunan tsohon gari kamar an koro su, ga rana, ga masu jan mutum zuwa shago. Daren na uku ya ce da ni, "Uwata, ni fa hutawa na zo yi, amma kunnena na kan titi." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba.

Abokan karatuna suka ba ni shawarar in ɗauki hayar mota mu zaga bakin teku. Na san abin da zai biyo baya. Kafin mu fita gari ya karɓe sitiyari, mu dawo bayansa a ƙage. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ce in kai shi garinsu, Sawira, inda ko mai mota sai ya bar ta a bayan ganuwa. A tikiti da taswira Essaouira za ku ga an rubuta, tsofaffin littattafan Turawa kuma Mogador suke cewa. Mun yi kwana huɗu a farkon watan Oktoba, kuma abin da zan faɗa a nan shi ne yadda na ga bas ɗin, da masaukin, da wuraren cin kifi, ko zai amfani mai dattijo a hannu ko wanda shi kansa hanya ta gajiyar.

Bas ɗin Supratours muka shiga. Kamfani ne da ke ƙarƙashin hukumar jiragen ƙasa ta Maroko, tasharsa tana dab da tashar jirgin ƙasa ta Marakesh. Na sayi tikiti tun ana gobe, kusan dirhami 100 kowane mutum, sai dirhami 5 na kowace jaka, aka manna mata takarda aka ba ni rabin. Kowa da lambar kujerarsa. Babu ɗan kamasho, babu jiran a cika, lokacin da aka rubuta yana yi aka rufe ƙofa. Da gangan na zaɓa mana kujerun gaba, don na san gara Baba ya ga direban da idonsa a kan ya zauna a baya yana zargi. Tafiyar kimanin kilomita 180 ce, awa uku har da tsayawar shan shayi a tsakiyar hanya, inda akwai banɗaki da wurin alwala. Awa ɗaya na farko Baba bai ce uffan ba, idonsa na kan hannun direba. Sai da muka sauka wata gangara bayan Shishawa ya juyo ya ce, "Wannan yaron an koya masa aiki. Kin ga ya sauke giya tun kafin gangara, bai dogara da birki ba. Kuma ba ya wuce mota a kwana." Daga bakinsa wannan babbar shaida ce, ni kuwa ba ni da abin da zan ƙara a kai, sai dai in ce a riƙe mayafi ko rigar sanyi saboda na'urar sanyaya mota.

Daga nan ƙasa ta fara sauyawa, bishiyoyin argan suka bayyana, gajeru masu ƙaya, waɗanda daga ƙwallonsu ake tatsar man nan mai tsada. Kafin a gangara cikin gari akwai wani tudu da ake hango Sawira gaba ɗaya, fara tas, teku na bayanta, da tsibiri a gaba kaɗan. Baba ya sha ganin ruwan Legas daga bakin tashar Apapa, cikin hayaƙi da layin tireloli. Ya ce ashe haka teku yake in babu kwantena a gabansa.

Bas yana tsayawa ne a wajen ganuwa, kusa da ƙofar da ake kira Bab Marakesh. Nan masu amalanke ke jira. Ku yi ciniki kafin a ɗora kaya. Mu mun daidaita a dirhami 25, mutumin ya tura jakunkuna biyu har ƙofar masauki, yana tafe yana kiran "balak, balak", wato a kauce. Ban da shi da ba mu gane lungun ba, don ƙofofin duk kusan shuɗaye ne kuma lambobin gidaje ba sa bin juna yadda aka saba.

Abin da ya bambanta garin da Marakesh ko Fas shi ne tsarinsa. Sarkin Maroko Sidi Muhammadu ɗan Abdullahi ne ya sa aka gina shi a shekarun 1760, ya ɗauko wani injiniya Bafaranshe, Théodore Cornut, ya zana masa. Don haka manyan hanyoyin ciki miƙaƙƙu ne, masu faɗi, ba irin lungunan da ke murɗewa su ɓatar da baƙo ba. Daga Bab Dukkala a arewa zuwa filin Maulay Hasan da ke bakin tashar jiragen ruwa, mai lafiyar ƙafa zai yi minti goma sha biyar. Mu mukan yi arba'in, saboda Baba na tsayawa gaida masu shago. Ƙasar a shimfiɗe take, babu hawa babu gangara. Ana ganin keke da amalanke, wani lokaci babur ɗaya ya saci hanya, amma mota babu. Ranar farko yana tafiya a raɓe da bango yana waiwaye. Rana ta biyu na gan shi a tsakiyar hanya, hannuwa a baya, carbi na lilo.

Masaukinmu irin gidajen nan ne da suke kira riyad, tsohon gida mai tsakar gida a rufe da ɗakuna kewaye, hawa uku da saman soro. Ba zan ambaci sunansa ba, domin akwai abin da ya ɓata mini rai, kuma na ga alamar matsalar ta yawancin irin gidajen ce. Na kama ɗaki biyu, dirhami 350 kowanne har da karin kumallo. Tun kafin mu zo na rubuta musu sau biyu cewa mahaifina ba ya iya hawa bene, suka amsa da cewa babu damuwa. Muna isa aka nuna mana hawa na biyu. Matakalar ƙunci gare ta, kowane taki dogo, tana murɗawa kamar igiya, ga babu abin dafawa a rabinta. Na ƙirga taki 34. Baba ya hau bai yi ƙorafi ba, amma na ga yadda ya dafe ƙugu a sama, kuma a daren bai sauko sallar Isha'i ba, a ɗaki ya yi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na sauka na yi magana da matar da ke kula da gidan. Ta ba da haƙuri, ta ce wanda ya amsa saƙona ba a garin yake ba. Washegari da hantsi suka sauko da shi ɗakin ƙasa, ita da kanta ta kwashe kayan.

Ɗakin ƙasan ma da nasa. Garin na shan iskar teku dare da rana, bangon tsofaffin gidaje na riƙe laima, ɗakin kuma ba shi da taga sai wadda ke kallon tsakar gida. Akwai ɗan warin danshi, tawul ba ya bushewa, rigar da aka wanke sai an kai ta saman soro. Mun sa turaren wuta da na zo da shi, ya rage. Mai asma ya yi tunani kafin ya karɓi ɗakin ƙasa a cikin ganuwa. Akwai otal-otal na zamani masu lif a kan titin bakin ruwa, minti kaɗan daga ƙofar gari, in da zan sake kawo Baba can zan fara dubawa. Wanda kuma ya nace sai riyad, ya kira ta waya, ya nemi a turo masa hoton matakala. Ruwan zafi yana ƙarewa in baƙi sun yi wanka a jere, don haka mai sammako ne ke morewa.

Amma karin kumallon gidan ya wanke musu laifi da yawa. Ana kawo bagrir, wanda Baba ya kalla ya ce ai wannan sinasir ne, don ga ƙananan ramuka a fuskarsa, sai dai da garin alkama ake yi. Akwai musamman, mai ninki-ninki da mai, da zuma, da zaitun, da amlu, wato niƙaƙƙen almon da aka kwaɓa da man argan da zuma, kamar tunkuza mai ruwa-ruwa mai zaƙi. Shayin na'a-na'a kuwa sai an ce a rage sukari, in ba haka ba mai ciwon suga ya shiga uku. Da matar ta gane Baba ba ya hawa soro, kullum sai ta shirya masa tebur a tsakar gida kusa da wata bishiyar lemo a tukunya, ta ce, "Bismillah, al-Hajj." Shi kuma ya ce, "Allah ya yi albarka," ta amsa da amin kamar ta ji Hausa.

Lokacin da muka je agogon Maroko ɗaya yake da na Najeriya, amma da yake garin ya yi yamma sosai, a Oktoba sai bayan ƙarfe shida ake kiran Asuba, Magariba kuma bayan bakwai. Baba ya saba tashi huɗu da rabi, sai ya zauna yana lazimi har ya ji ladan. Masallacin Bin Yusuf, babban masallacin cikin gari, tafiyar minti shida ce daga masaukinmu, kuma daga rana ta biyu shi kaɗai yake zuwa. Abu ɗaya ya ba shi mamaki: ana rufe masallaci jim kaɗan bayan an idar da salla, ba a zama a ciki a yi hira ko a ɗan kishingiɗa kamar a gida. Sai dai bayan Asuba da bayan Magariba mutane na yin da'ira su karanta izu ɗaya da murya ɗaya, izu biyu a rana, su sauke izu sittin a wata. Da ruwayar Warshu suke karantawa, wadda da ita aka koya wa Baba a makarantar allo, rubutun ma irin wanda ake ɗiga wa fa'un ɗigo a ƙasa ne. Ranar da ya fara zama da su ya dawo idonsa ya yi ja. Ya ce rabonsa da ya ji jama'a na jan Warshu haka tun yana yaro a gaban malaminsu, ya ce wani tsoho ya matsa masa ya miƙo masa Alƙur'ani ba tare da ya tambaye shi daga ina yake ba. Ban shirya wannan a tafiyar ba, ban ma san zai faru ba, kuma shi ne abin da yake fara ba mutane labari in an tambaye shi Maroko.

Sai batun kifi, wanda shi ne abincin garin. Tashar jiragen ruwa tana nan da ranta, ba ta 'yan kallo ba ce. Ƙananan jirage shuɗaye sun cika ta maƙil, masu gyaran koma na zaune a ƙasa, tsuntsayen teku na shawagi suna ihu, kyanwoyi na jiran rabonsu. Ƙasan a jiƙe take da santsi, ga ƙarni, don haka a sa takalmi mai kama ƙasa a kuma tattare zani. A nan Baba ya fara ganin sadin da kai da wutsiya. Duk shekarun da ya yi a hanya da burodi da gwangwanin Titus ya yi su, da na nuna masa cewa a jikin gwangwanin ma Maroko aka rubuta, sai ya tsaya yana kallon tulin kifin kamar ya haɗu da tsohon abokin tafiya.

Tsakanin tashar da filin Maulay Hasan akwai jerin rumfunan gasa kifi, kowace da masu kiran baƙi. A ɗaya daga ciki aka cuce mu a daren farko. Mun zaɓi sadin da wani farin kifi guda, mai rumfar ya riƙa ƙaro jatan lande da wasu abubuwa yana cewa kyauta ce, alhali Baba ko kallonsu ba ya son yi. Da aka kawo lissafi sai ga dirhami 320. Na yi magana da Larabcinsu, ya rage zuwa 250, amma abincin ya riga ya fita raina. Gashin kansa ba laifi, sai dai an bar farin kifin ya bushe. Duk wanda zai zauna a waɗannan rumfuna ya sa a auna a gabansa, a faɗi kuɗin gaba ɗaya har da burodi da salak kafin kifi ya hau wuta, kuma ya ƙi duk abin da bai nema ba.

Matar masaukinmu ce ta nuna mana yadda 'yan gari ke yi. A tsakiyar kasuwar cikin ganuwa akwai wurin masu sayar da ɗanyen kifi. Ka saya da kanka, a gyara maka, ka miƙa wa masu gashi da ke gefen kasuwar su gasa a kan gawayi da kuɗi kaɗan, su haɗo da burodi da yankakken tumatir da albasa. Mu biyu mun ci mun ƙoshi, har da shayi, ba mu kai dirhami 90 ba. Bencin katako ne, hayaƙi na shiga ido, ana cin abinci kafaɗa da kafaɗa da masu dako da mata 'yan cefane. Sadin ɗin da gishiri da wani kayan ƙamshi da suke kira kamun kawai aka gasa shi, fatar ta yi ƙus-ƙus, cikin da maiƙo. Baba ya zaro kwalbar yajin ƙuli da ba ya tafiya sai da ita, ya barbaɗa, mutumin da ke kusa da shi ya nemi ɗanɗano, ya yi tari har da hawaye, sannan ya sake miƙo hannu. Sau uku muka koma. Ranar Juma'a bayan an sauko muka ci kuskus da kayan lambu a wani ƙaramin gidan abinci, Baba ya ce ɗan'uwan burabusko ne, sai dai miyar ba ta da kuzari. Gaskiya ne, girkinsu ƙamshi ne da shi ba zafi ba, mai son barkono ya taho da abinsa.

Iska ita ce kuɗin da ake biya a Sawira. Da safe lafiya lau, amma daga azahar sai ta taso daga arewa ta yi ta bugawa har dare, kuma an ce ta bazara ta fi wannan ƙarfi nesa. Ita ce ta sa garin ba ya zafi ko a lokacin da Marakesh ke ƙuna, ita ce kuma ke cika wa mutum ido da yashi a bakin ruwa. Sau biyu ta cire wa Baba hula, daga baya ya koma naɗa rawani. Ruwan tekun sanyi ƙarara, wanda ya zo don iyo zai sha mamaki. Masu wasan da iska ke ja a kan ruwa su ne ke jin daɗinta. Mu dai da hantsi muke fita, mu bi shimfiɗaɗɗiyar hanyar ƙafa da ke gefen yashi, akwai wuraren zama a kai a kai. Wata rana mun yi niyyar kaiwa kangon tsohuwar hasumiyar da ke can kudu wajen ƙauyen Diyabat, muka yi nisa har inda masu raƙuma da dawaki suke, bayan Baba ya ce ya isa. Ƙaramar tasi shuɗiya muka tara ta mai da mu bakin ƙofa da kuɗin da bai kai dirhami 10 ba. Wannan ce kaɗai motar da muka shiga a kwana huɗun.

Da la'asar wurin zamanmu shi ne Sikala, doguwar katangar da ke fuskantar teku, inda aka jera manyan bindigogin igwa na tagulla. Ba a biyan ko sisi, kuma ana hawa ta wata hanya mai ɗan tudu, ba sai an bi matakala ba. A ƙarƙashinta masassaƙa ke aikin itacen ar'ar mai ƙamshi, a nan Baba ya sayi ƙaramin akwati na ajiye carbi bayan cinikin da ya ci rabin awa da kofin shayi biyu. Hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. A zamaninsa nan ne ayarin Tambutu ke sauke zinariya da hauren giwa da gashin jimina da ƙaro, a loda wa jiragen Turai. Ayarin nan har da mutane yake kawowa. Wata yamma a filin Maulay Hasan muka tarar da makaɗan Ginawa, ɗaya na kaɗa gimbiri mai tsirkiya uku, kamar babbar garaya, sauran na buga ƙarafa a hannu. Baba ya ce, "Uwata, wannan ai sambani ne." Na gaya masa kakannin masu wannan kiɗa daga ƙasashenmu na kudu da Sahara aka kawo da yawansu a matsayin bayi, kuma tun 1998 ake yi musu babban biki a garin. Ba mai son kiɗa ba ne, amma ya tsaya har suka gama, ya sa kuɗi a hular da suka ajiye, ya yi wa shugabansu sallama hannu biyu. A hanyar komawa bai yi magana ba sai da muka kai ƙofa.

Garin bai dace da mai neman manyan kantuna ko hayaniyar dare ba, kwana biyu zai ce ya gama gani. Mai keken guragu zai iya manyan hanyoyin, amma lunguna da riyad za su ba shi wahala. Ga dattijo mai iya tafiyar minti ashirin a hankali, ko mace da ke tafiya da iyayenta ba ta son dogaro da direba, ban san wuri mai sauƙinsa ba a ƙasar nan. Masu shago na kira, amma in ka ce "la, shukran" sukan ƙyale ka. A riƙe tsabar kuɗi, don masu amalanke da masu gashi da tasi ba sa karɓar kati. A kuma sayi tikitin komawa tun ranar da aka iso, motocin yamma na cika da wuri. Duk abin da muka kashe mu biyu, da mota da ɗaki biyu da abinci da tsaraba, bai kai dirhami 4,500 ba.

Ranar komawa na je tagar tikiti in tabbatar mana da kujerun gaba kamar yadda muka zo. Baba ya ce in bar su, in nemo na tsakiya wajen taga. Ba mu wuce tudun da ake hango gari ba barci ya ɗauke shi, akwatin ar'ar a cinyarsa, ƙafafunsa biyu a miƙe ƙarƙashin kujerar gaba. Sai a wurin shan shayi na tashe shi ya yi alwala.